Danshi da funfuna a banɗaki: ƙaramar matsala mai iya kai wa ga halaka

A ranar 27 ga watan Oktoban 2025 wata sabuwar doka ta fara aiki a Ingila, wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da hayar gidaje masu rahusa su gaggauta magance danshi da funfuna, da zarar ɗan haya ya kai kuka.

Ana kiran dokar da sunan Awaab Ishak, wani yaro ɗan shekara biyu da ya rasu a watan Disamban 2020 a garin Rochdale da ke kusa da birnin Manchester.

Iyayen yaron 'yan asalin ƙasar Sudan ne, kuma sun shafe shekaru suna ƙorafi a kan funfunar da ta mamaye bangon gidan da suke haya.

Tun a shekarar 2017 mahaifinsa ya sanar da ƙungiyar da ta mallaki gidan, wato Rochdale Boroughwide Housing, amma shawarar da aka ba shi ita ce ya shafe wurin da fenti.

A watan Nuwamban 2022, jami'ar da ta binciki musabbabin mutuwar, Joanne Kearsley, ta yanke hukuncin cewa doguwar shaƙar funfuna a cikin gida ce ta haddasa masa cutar numfashin da ta yi ajalinsa.

Binciken ya gano cewa banɗakin gidan ba shi da taga, fankar da aka sa domin fitar da iska ba ta aiki yadda ya kamata, sannan ɗakin girkin ma ba shi da na'urar zuƙe tururi.

Wannan lamari dai ya sa jama'a da dama sun fara duban baƙin tabon da ke kusurwar banɗaki da wani ido na daban, bayan da aka daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ƙazanta kawai.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Iska tana ɗauke da ruwa a cikinta ko da ido ba ya ganinsa, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya danganta ne da zafinta.

Lita 1,000 ta iska mai zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa. Idan zafin ya sauka zuwa digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba, a digiri 10 kuwa kimanin giram 9 ne kacal.

Don haka idan iska mai ɗumi da ta ƙoshi da tururi ta taɓa wani abu mai sanyi, kamar madubi ko tayil ko bututun ruwa, dole ta sauke rarar ruwan a kansa.

Wannan shi ne abin da ke sa kwalbar ruwan sanyi ta yi gumi idan aka fito da ita daga firji, kuma shi ne asalin raɓar da ke sauka a kan ciyawa da asuba.

Ƙaramin banɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 2 da tsayin mita 2 da rabi yana ɗauke da lita 10,000 ta iska. Idan wankan ruwan zafi ya cika wannan iska da tururi a digiri 30, sannan ɗakin ya huce zuwa digiri 20 ƙofa a rufe, kimanin giram 130 na ruwa zai kwanta a bango da silin, wato kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu na ledar ruwan sha.

Wannan kuwa ban da ruwan da ya fallatsu a ƙasa, da wanda ya rage a jikin tawul da labule, wanda shi ma zai ci gaba da tashi zuwa cikin iska har tsawon sa'o'i.

A gidan da mutum shida ko bakwai ke wanka da alwala a wuri guda, bangon ba ya samun damar bushewa tsakanin shigar wani da fitar wani.

Mece ce funfuna?

Funfuna wata halitta ce 'yar dangin naman kaza, wadda ke yaɗuwa ta hanyar wasu ƙananan ƙwayoyin iri da ke yawo a cikin iska, a ciki da wajen gida.

Babu gidan da za a iya raba shi da waɗannan ƙwayoyi baki ɗaya. Abin da suke jira kafin su tsiro shi ne laima da abinci, kuma abincinsu bai wuce ƙura, dattin sabulu, katako, takarda, yadi ko fentin bango ba.

Tun da yake ba za a iya kawar da iri ko abincin ba, hanya ɗaya da ta rage wa mai gida ita ce ya hana su ruwa.

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba da shawarar a riƙe laimar iskar cikin gida ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, in da hali ma tsakanin kashi 30 zuwa 50. Ta kuma ce kayan da suka jiƙe, idan aka busar da su cikin sa'o'i 24 zuwa 48, galibi funfuna ba za ta kama su ba.

Nau'o'in da aka fi samu a gidaje sun haɗa da Cladosporium da Penicillium da Aspergillus. Manoman gyaɗa da masara sun san aikin dangin Aspergillus, domin wani nau'insa ne ke lalata amfanin gonar da aka adana da ɗanyantaka, ya bar gubar aflatozin mai illa ga hanta.

Akwai kuma Stachybotrys, wadda ake yi wa laƙabi da baƙar funfuna, wadda ke son katako da allon silin da suka daɗe a jiƙe.

Sai dai Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ce launin funfuna ba shi ne ke nuna hatsarinta ba, kuma ba lallai ne a kai ta ɗakin gwaji ba. Ko wace iri ce, matakin ɗaya ne: a cire ta, a kuma toshe hanyar ruwan da ke ciyar da ita.

Illa ga lafiya

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da wasu ƙa'idoji kan danshi da funfuna a cikin gine-gine, bayan da ta tattara sakamakon bincike daga ƙasashe da dama.

Hukumar ta ce akwai isasshiyar hujja da ke nuna cewa mazauna gidaje masu danshi sun fi fuskantar tari, da shessheƙar numfashi, da cututtukan hanyoyin numfashi, da kuma tsanantar cutar asma.

Ta kuma ƙiyasta cewa matsalar ta shafi kashi 10 zuwa 50 cikin ɗari na gine-gine a Turai da Arewacin Amurka da Ostireliya da Indiya da Japan.

Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne jarirai da ƙananan yara, da tsofaffi, da masu asma, da kuma waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV ko masu shan maganin daji.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma cutar ta kashe mutum 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai kuma wani rukuni da ya kamata a kula da shi a Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya.

Tarin fuka kan bar ramuka a cikin huhu ko bayan an warke, kuma nau'in Aspergillus fumigatus na iya samun mazauni a cikin waɗannan ramuka, ya haddasa tari mai daɗewa, da rama, wani lokaci har da tarin jini.

Alamomin sun yi kama da na tarin fukar kansa, abin da kan sa a yi zaton cutar ce ta dawo. A shekarar 2022 WHO ta saka wannan nau'i a sahun farko na jerin funfunar da suka fi barazana ga lafiyar bil'adama.

Yadda ake fitar da tururi

Ka'idar ba ta da wuya: a fitar da jiƙaƙƙiyar iska zuwa waje tun kafin ta sauke ruwanta, a kuma ba busasshiyar iska hanyar shigowa ta maye gurbinta.

Taga ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ta fi amfani idan tana can sama kusa da silin, domin iska mai ɗumi da tururi sama take yi.

Sai dai taga ɗaya tilo ba ta cika wadatarwa ba idan babu wata kafa da iska za ta shigo. Shi ya sa ƙa'idojin gini na Ingila suka tanadi a bar tazarar milimita 10 a ƙarƙashin ƙofa.

Inda babu taga, ko kuma tagar ta yi ƙanƙanta, ana sa fanka mai zuƙe iska a bango ko a silin. Ƙa'idar Ingila ta ce fankar banɗaki ta iya fitar da aƙalla lita 15 ta iska a kowace daƙiƙa, a Amurka kuwa abin da aka saba shi ne kusan lita 25.

Da lissafin lita 15, banɗakin nan mai lita 10,000 zai ɗauki kimanin minti 11 kafin fanka ta zuƙe iska daidai da cikinsa sau ɗaya, kuma sau ɗaya ba ya isa, tun da yake jiƙaƙƙen bango na ci gaba da fitar da laima.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar ta ce a banɗakin da ba shi da taga, fanka ta ci gaba da juyawa aƙalla minti 15 bayan mutum ya fita. Akwai fankoki masu agogo da ke kashe kansu, akwai kuma masu na'urar jin laima da ke tashi da kansu idan tururi ya yi yawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar fankar tana hura iskar a cikin sararin da ke tsakanin silin da kwano. Yin haka ɗauke matsalar ne kawai daga inda ido ke gani zuwa inda ba ya gani, kuma a can ne katakon rufi ke ruɓewa sannu a hankali.

Bututun fanka ya kamata ya fita har waje, ya kasance gajere kuma miƙaƙƙe, domin kowace lanƙwasa tana rage ƙarfin iskar. A bakinsa na waje ana sa murfi da raga saboda ruwan sama da ƙwari da tsuntsaye.

Ana iya gwada fanka da 'yar takarda marar nauyi: idan aka kanga ta a bakin fankar ta manne, to tana zuƙa, idan kuwa ta faɗo, wataƙila ƙura ta toshe ta ko kuma injin ya gaji. Ƙarar da fanka ke yi ba shaida ba ce cewa tana aiki.

Haɗa fanka aiki ne na ƙwararren mai gyaran lantarki, saboda hatsarin haɗuwar wuta da ruwa a wurin da mutum ke tsayawa ba takalmi.

A lokacin wanka ya fi kyau ƙofar banɗakin ta kasance a rufe, taga a buɗe, don kada tururin ya kwarara zuwa ɗakin kwana ya shige bayan kabad da ƙarƙashin katifa.

Bayan wanka kuma, share ruwan ƙasa zuwa magudana, da goge tayil, da shanya tawul a waje, suna rage aikin da taga ko fanka za ta yi.

Ba kowane danshi ne na tururi ba

Kafin a kashe kuɗi a kan fanka, ya kamata a tabbatar da inda ruwan ke fitowa, domin danshi iri uku ne.

Na farko shi ne na tururi, wanda ke bayyana da ɗigo-ɗigon baƙin tabo a kusurwoyin sama, da gefen taga, da tsakanin tayil.

Na biyu shi ne na yoyo, daga bututun da ya fashe a cikin bango, ko kwanon da ya huje, ko kuma banɗakin bene da ke zuba a kan na ƙasa. Irin wannan kan yi tabo a wuri guda, kuma yakan ƙaru bayan ruwan sama ko bayan an buɗe famfo.

Na uku shi ne wanda ke tasowa daga ƙasa, inda bango ke tsotsar ruwa daga harsashi kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Ba ya cika wuce mita ɗaya daga ƙasa ba, kuma yakan bar farin gishiri da ke tayar da fenti da filasta.

Fanka ba ta maganin na biyu da na uku. Yoyo aikin mai gyaran famfo ne ko kafinta, mai tasowa daga ƙasa kuwa ana hana shi ne tun lokacin gini, ta hanyar shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kan harsashi kafin a ɗora bulo.

Halin da ake ciki a ƙasar Hausa

A tsarin gidan gargajiya, makewayi yana can gefe guda a ƙarshen gida, nesa da ɗakunan kwana, kuma sau da yawa ba shi da rufi. Rana da iska ne ke busar da shi, don haka batun tururi bai taso ba.

Amma a gine-ginen zamani na birane irin su Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, banɗaki ya koma cikin ɗaki, kuma masu neman haya sun fi son ɗakin da ke da nasa a ciki.

Saboda ƙarancin fili, da batun tsaro, da kuma son sutura, ana yawan barin 'yar ƙaramar taga, wadda wani lokaci katangar maƙwabci ke tare ta, ko kuma a toshe ta da kwali saboda sauro da ƙura.

A lokacin hunturu matsalar kan ɓuya, domin iskar da ke kaɗowa daga Sahara busasshiya ce ƙwarai, tana shanye laima cikin ɗan lokaci.

Da damina ne, musamman a watannin Yuli da Agusta, iskar waje kanta ke cika da laima, bango ya ƙi bushewa, takalma da jakunkunan fata su yi fari-fari a cikin kabad, ɗaki kuma ya ɗauki warin nan da kowa ya sani.

Rashin tsayayyiyar wutar lantarki ma wani dalili ne da ya sa bai kamata mai gini ya dogara da fanka kaɗai ba. Taga mai faɗi a sama, da raga a jikinta, tana aiki ko da wuta ko babu, kuma gilashi mai dishi-dishi yana ba da haske ba tare da an hango na ciki ba.

Akwai kuma batun wankan jego. Wankan ruwan zafin da a da ake yi a fili a bayan ɗaki, yanzu a gidaje da dama ana yin sa ne a banɗakin cikin ɗaki, safe da yamma har tsawon makonni, alhali jariri na kwance a ɗakin da ƙofar ke buɗewa, tagogi kuma a rufe don gudun sanyi.

A irin wannan yanayi, rufe ƙofar banɗakin da buɗe tagarsa har sai bango ya bushe yana da muhimmanci ga uwa da jaririn baki ɗaya.

Idan ta riga ta kama

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ce idan wurin da funfuna ta kama bai kai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ba, mai gida na iya wanke shi da kansa, in ya wuce haka kuwa gara a nemi masu sana'ar.

Ana wanke tayil da siminti da ruwa da sabulu, a goge da burushi, sannan a busar sarai. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, ya buɗe taga, kuma a fitar da yara da masu asma daga wurin.

Idan za a yi amfani da bilic, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ce kada ya wuce kofi ɗaya a cikin kimanin lita 4 ta ruwa.

Kada a kuskura a gauraya bilic da amoniya ko da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗin na fitar da iska mai guba da ke iya shaƙe mutum a ƙaramin ɗaki.

Kayan da ke shan ruwa, kamar allon silin da kafet da katifa, idan funfuna ta ratsa su ba sa wankuwa, sai dai a zubar.

Shafa fenti a kan funfuna kuwa ba ya kashe ta. Fentin zai ɓare, tabon ya sake fitowa, muddin ruwan na nan.

Laifin wa?

Wani abin da binciken Rochdale ya fito da shi fili shi ne yadda ma'aikatan ƙungiyar suka ɗora laifin a kan yanayin rayuwar iyalin, har suka yi zaton wani wanka na addini da ake yi da bokiti ne ya jawo danshin, ba tare da sun tambaye su ba.

Jami'ar binciken ta ce gidan ne ba a tanadar masa abin da zai iya ɗaukar harkokin yau da kullum ba, kamar girki da wanka da wanki. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin aka kori shugaban ƙungiyar daga aiki.

A watan Satumban 2023 gwamnatin Birtaniya ta fitar da jagora ga masu ba da haya, inda ta ce bai dace a riƙa danganta danshi da funfuna da salon rayuwar 'yan haya ba, kuma alhakin gano tushen matsalar yana wuyan mai gida.

A ƙarƙashin dokar Awaab, idan aka kai rahoton danshi ko funfuna mai hatsari, dole a bincika cikin ranakun aiki 10, a kuma kawar da hatsarin cikin ranakun aiki 5 bayan kammala binciken. Idan lamarin na gaggawa ne, wa'adin sa'o'i 24 ne.

Wannan ya shafi ɗalibai da ma'aikata 'yan Afirka da ke zaune a irin waɗannan gidaje a Ingila, waɗanda da yawansu suka fito daga ƙasashe masu zafi, ba su saba da gidan da ake rufewa ruf har tsawon watannin sanyi ba.

Ga mai neman haya a ko'ina kuwa, akwai abubuwan da zai iya dubawa kafin ya biya kuɗi: ko banɗakin na da tagar da ke buɗewa zuwa waje, ko fanka na zuƙa, ko akwai tabo a silin da gindin bango, da kuma ko sabon fentin da aka shafa a kusurwa ɗaya kawai yana ɓoye wani abu.

Gidan da aka duba da rani zai iya nuna wata fuska dabam idan ruwan Agusta ya sauka, don haka tambayar maƙwabta yadda ginin ke kasancewa da damina na daga cikin abin da ya kamata a yi kafin a sa hannu a takarda.